Haƙorin Makka da Mabuɗin Sito

Babana ya taɓa shan ɗaurin wata biyu a zamanin Turawa. Aikin kuza yake yi a Jos, ya karɓi kuɗi a hannun helma, shugaban leburori, tun bai yi aikin ba, da gatari da kwanon kai suka ishe shi ya gudu. Dokar lokacin, lebura ya bar aiki da bashi a kansa, laifi ne na gidan yari. Aka kamo shi a kasuwa yana shan fura. Wannan labari na sha shi fiye da karatun allo, wanda ko izu biyu ban kai ba.

To ni ma na tashi da halin gidanmu. Ina aikin sito a unguwar Kudai a Makka, wajen wani mai sayar da ruwa da lemo ga direbobin bas, Bahaushe ne amma haifaffen nan, Hausarsa rabi Larabci. Shi ne kafilina, wato da sunansa nake zaune a ƙasar. Na karɓi kuɗi a hannunsa wai ciwon baya, na je na sa haƙorin Makka na zinare. Bayan sati biyu ciwon bayan ya kama ni da gaske, saboda ɗaukar katan-katan. Na gudu unguwar Jarwal, ɗakin wani abokina.

Tsoro ya hana ni sakat. Idan kafili ya kai ƙara cewa na gudu, kamu ne, sai jirgi zuwa gida, ga 'ya'ya huɗu ina aika musu abinci. Sai dabara ta zo mini: na ɗaura harami. Wa zai gane tsoho ɗaya cikin dubban masu fararen zannuwa? Sati uku ina yawo kai ba hula, rana tana gasa mini sanƙo, mutane suna ce mini Allah ya karɓa, ina cewa amin.

Wata rana bayan La'asar ina cin shinkafa a wani shago, wani ya ba da labari na yi dariya. Haƙori ya haska.

"Ya ammi, kawu!" Sai ga kafilina a kaina. "Umra nawa ke nan, masha Allah?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da iyali. Kada ka ɗaure ni kamar babana."

"Wane babanka? Wallahi ban kai ka ko'ina ba. Ina mabuɗin sito? Kwaɗo biyu na fasa, na ukun na ƙarfe ya ƙi!"

Na shafa wuyana. Yana nan a igiya, ƙarƙashin harami, sati uku ina kwana da shi.

A motarsa ya mai da ni Kudai, ina riƙe da zane kada ya kwance. Ya ba ni kujera a bakin sito, ya ce katan ba nawa ba ne kuma, ƙofa kawai zan tsare. Kuɗin haƙori ya cire kaɗan-kaɗan daga albashina. Har yau idan na yi dariya sai ya leƙo bakina ya ce yana duba kayansa.