Mai Bugun Ƙarfen Makango

Da hadari ya haɗo a kan tafkin Volta, Baba Issahaku zai ɗauki gudumarsa ya gangara bakin ruwan Makango, inda motocin Salaga ke juye kaya. Can ya rataye wani ƙarfen tsohuwar lori a bishiya. Yana dukan ƙarfe, ruwan sama na dukansa, don kwalekwalen da suka taso daga Yeji su gane inda tudu yake. Tun 1983 yake yi, ba wanda ya sa shi.

Ku tambayi Sahadatu mai doya, 'yar Yendi. "Mun ɓace tsakiyan ruwa, direba kansa yana salati," in ji ta. "Ƙarfen Baba ne ya jawo mu gida."

To, me muka saka masa da shi? A daminar 1991 wani kwalekwale ɗauke da albasar Bawku ya daki kututture dab da gaɓa, ya kife. Ba a rasa rai ba, amma mai jirgin ya rantse bai ji ƙarfe ba, wai tsoho barci ya yi. Alhali masuntan da ke can nesa sun ce sun ji raɗau!

Baba ya yi aikin jirgin teku da ƙuruciya. Ya ce wa masu zarginsa, "Ƙara ba ya bin hanya ɗaya. A teku, ɗumi da sanyin ruwa na lanƙwasa shi, na nesa ya ji, na kusa bai ji ba. Nan ma iska haka yake yi." Aka bushe da dariya. Har yau akwai marasa kunyar da ke kiransa Baba Mai Barci, kuma ya fi jin zafin sunan nan a kan ciwon kafaɗarsa.

Baba, kai ne washegarin wannan dariya ka koma gindin bishiyar da hawaye. Kai ne ka kaɗa wa mai jirgin nan ƙarfe sau ba adadi bayan ya ɓata maka suna. Jarumin bakin ruwa, mun gode, Allah ya biya ka.

Bana Baba ya ajiye guduma, samarin Makango sai ku ɗauka. Masu neman gafararsa kuwa ku daina aike. Ku je da ƙafarku ku durƙusa inda zai ga bakinku, don ƙarfen ya riga ya cinye masa kunne.