Maman Meshach

Duk wanda ya saba jiran mota a tashar Nyanya da safe ya san rumfar kunun gyaɗa da ke kusa da masu faci. Mai rumfar sunanta Prudence, 'yar wajen Akwanga ce, amma kowa Maman Uthman yake ce mata. Ni ne Uthman ɗin, kuma ba ita ta haife ni ba.

A gidan haya ɗaya iyayena suka zauna da ita da mijinta Bernard, direban bas. Ƙofarmu tana kallon tasu. Ita da mahaifiyata tare suka yi goyon ciki, tare suke zuwa awo. Ta riga haihuwa, ta sami namiji, aka sa masa Meshach. Nan take matan gidan suka ajiye sunanta, kamar yadda ake yi wa mace da ɗan fari, ta zama Maman Meshach. Ba ta gama jin daɗin sunan ba zazzaɓi ya ɗauke yaron.

Bayan 'yan kwanaki aka haife ni. Mahaifiyata ta kwanta ciwo, nono bai zo ba, madarar gwangwani kuwa ina sha ina amayarwa. Prudence tana kulle a ɗaki, ba ta ci, ba ta magana, kukana yana shiga mata ta ƙasan ƙofa.

"Kar ka ɗauka tausayi ne ya fito da ni," ta taɓa ce mini. "Faɗa na fito yi. Na zo in ce a rufe wa yaron nan baki, sai na ga bakin."

Ta karɓe ni daga hannun babana ta zauna a bakin ƙofa. Wai ban sake ta ba sai da barci ya kwashe ni. Babana ya je ya tambayi limamin unguwa, liman ya ce babu laifi, amma ya sani daga yau uwata ce, 'ya'yan da za ta haifa kuma 'yan'uwana ne.

Haka na tashi da ɗaki biyu. Ran Lahadi in ta dawo daga coci shinkafata tana rufe a kwano. Da Kirsimeti ita da kanta take kawo wa babana kaza ya yanka, don in ci. In na ɓuya a rumfarta don gudun Islamiyya, da ludayin kunu take raka ni har ƙofar makaranta. Daga baya ta haifi Catherine da Perpetual, amma sunana ya riga ya manne mata.

Abu ɗaya ne ya daɗe yana ci mini rai. Na sha nonon wani, na kuma karɓe sunan da uwarsa take amsawa. Ban taɓa jin an ambaci Meshach a gidan ba, sai da mahaifiyata ta faɗa mini ina saurayi.

Bara idon Baba Bernard ya yi rauni, ya ajiye tuƙi, suka shirya komawa gida. Na je taya ta ɗaure kaya. A ƙasan akwati ta ciro wani zanen goyo da ya koɗe, ta miƙo mini.

"Kai wa matarka Nabilah. Na ga cikin ya fito, ku kuna ta ɓoyewa."

"Nawa ne wannan, Mama?"

"Nasa ne. Shi aka saya wa, kai ka tsufar da shi."

Na zauna a kan buhun tukwane, na tambaye ta abin da na daɗe ina riƙewa: ko ta taɓa jin haushina?

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Oga Uthman, haushinka na ji kullum, don ka cika cizo." Sai ta karɓi zanen tana naɗewa. "Da Allah na yi fushi. Na ce masa, ka ɗauke mai sha, me ya sa ka bar mini nono? Ashe amsar tana ɗakin da ke kallona. Da Meshach bai zo ba, da me zan ba ka? Yaron nan aikinsa ya zo yi, ya gama da wuri. Ni kullum godiya nake masa."

"To me ya sa sai yau na ji sunansa a bakinki?"

"Ina faɗa. Mutane ne suka daina, suna tsoron kar in yi kuka. Ni kuwa sunan nake so in ƙara ji a bakin wani."

Ran tafiya na raka su tashar da ta yi shekaru tana ciyarwa. Direbobi da masu faci suka kewaye ta, kowa yana cewa wa zai ba su kunu yanzu. Mai lodi ya ɗago buhun tukwanen yana tambaya, "Kayan wa ne wannan?"

"Na Maman Meshach ne," na ce.

Ya dube ni. "Wace ce haka?"

Ta riga ta sa ƙafa ɗaya a mota. Ta sauko, ta gyara ɗankwalinta.

"Ni ce," ta ce. "Sa shi a hankali, akwai abin fashewa."