Ledar da Na Bari a Jikin Allon Matan Gumi

A lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne mai ji da kansa, ban daɗe da dawowa Wurno daga koyon rubutun allon shaguna a birnin Sakkwato ba. Na dawo da wani sabon abin aiki da ba a saba gani a wajenmu ba: allo ne na falle biyu na alminiyam da roba a tsakaninsu, ba nauyi, ba ya tsatsa, fuskarsa sumul. Duk inda na ga allon langa-langa ya yi ja da tsatsa sai na tsaya na yi wa mai shagon wa'azi. Gaskiya na cika baki, har abokaina suka laƙaba mini Injiniya, ni kuwa ina amsawa.

Aikina babba na farko ta hannun ƙanwar mahaifiyata ya zo, wadda muke kira Inna. Ita ce shugabar matan da ke turara shinkafa suna yin gumi a wani ƙauye kusa da dam ɗin Goronyo. Sun gina rumfar da za su kafa injin casa, suna son allo mai sunan ƙungiyarsu. Wasu daga cikinsu sun fi son tsohon mai fentin da suka sani, amma Inna ta tsaya kai da fata, ta ce ɗanta ne zai yi, in ya ɓata su kama ta. Da bakinta aka ba ni aikin.

Na zuba duk abin da na iya. Na yanko haruffa jajaye, na ɗaura su da sukuru a kan farin allo da ya fi ƙyauren ɗaki girma. Sabon allon yana zuwa ne da leda manne a fuskarsa don kada ya karce a hanya. Na ɓare ta a gurbin haruffa kawai, na bar sauran. Tunanina irin namu ne: wa ke cire ledar kujerar sabon babur? Na ce a bar ta har ranar buɗe rumfa, allon ya fito fes. Akwai rubutun Turanci a jikin ledar da ke cewa a cire ta da wuri bayan an kafa, amma Injiniya bai tsaya karantawa ba.

Injin bai iso a kan lokaci ba. Allon ya sha ranar bazara tun daga farkonta har ƙarshenta. Saura kwana uku a buɗe rumfar na je da fara'ata zan ɓare leda, na kama gefe na ja, sai ɗan guntu kamar farce ya biyo hannuna. Rana ta gasa ta, ta tsattsage kamar busasshiyar laka a fadama, ta manne ram. Na sa reza, na karce kusurwar allon. Na zauna a gindin ƙarfen da ke riƙe da allon ina shirya ƙarya, zan ce mai sayarwa ne ya ba ni jabu. Abin da ya hana ni shi ne tuna cewa ko wace ƙarya na yi, Inna za a nuna da baki a gidan suna da gidan biki.

Na same ta a bakin gangar turara shinkafa, na durƙusa na faɗa mata komai, har da rubutun da ban karanta ba. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta taso ta je ta murza ledar da yatsa, ta ce, "Mi ya liƙe ta? In danƙo na, ai tururi na sakin shi. Haka muka yi ma takardar sabuwar tukunya."

Na so in yi mata bayanin cewa wannan kayan zamani ne, ta ce in rufe mata baki in sauko da allon. Na kwance haruffan, mata huɗu suka naɗe hannu da tsumma suka kama kusurwoyi, suka kifa fuskarsa nesa kaɗan da bakin ganga, suna gusar da shi don kada zafi ya yi wa wuri ɗaya yawa. Da muka juyo shi na ja ledar, sai ta taso da faɗin tafin hannu. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Wuni biyu muka yi a haka, suna yi mini tsiya cewa Injiniya ya shigo makarantar gumi. Ragowar danƙon na goge da kananzir, na wanke da sabulu.

Ranar buɗewa allon yana ƙyalli tun daga bakin titi. Na ga matar da ta fi kowa ƙin a ba ni aikin tana kama hannun Inna tana nuna ta ga baƙi. Inna kuwa sai ta gyara ɗaurin kallabinta. Daga wannan allo aka fara nemana a Rabah da Achida, kuma har yau bai yi tsatsa ba.

Ina kira ga 'yan uwana masu wannan sana'a, ku ɓare ledar ranar da kuka kafa allo, ko mai shi ya roƙe ku ku bari. Ku karanta abin da aka rubuta a jikin kayan aikinku. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa wa wanda ya tsaya muku tun da sauran lokaci, don da na yi ƙaryar nan da ban ji maganar tururi ba. Karcen rezar yana nan a kusurwar allon. Na sha cewa zan shafe shi da fenti, Inna ta ce in bar shi, shi ne sa hannuna.