Yadda Muka Je Konduga Nema wa Sale Aure

Daga Gamboru

Muna idar da sallar asuba a Gamboru, unguwarmu a Maiduguri, muka hau motar da ke kwaso mana gyaɗa, mu 'yan ƙungiyar ma'aikatan injin matsar mai. Saboda Sale muka fito, abokin aikinmu, Bakano wanda ba shi da kowa a Barno. Bara hannun rigarsa ya shiga bel ɗin inji, ya tafi da yatsunsa uku. Tun daga nan Ba Modu, mahaifin Falmata 'yar Konduga da Sale yake so, ya daina amsa maganar aurensu. Ƙungiya ta tsaya tsayin daka, muka ƙi tayar da inji, har aka mai da Sale aiki wajen awo, aka kuma rufe bel ɗin da ragar ƙarfe. Sai ciyaman ɗinmu, Malam Garba, ya ce tunda mun tsaya masa a gaban manaja, bari mu tsaya masa a matsayin iyaye.

A bakin gari ɗan doka ya tsai da mu.

"Me kuka ɗauko?"

Direba ya ce, "Ango ɗaya, ranka ya daɗe, amma ba a sallama mana shi ba tukuna."

Ɗan dokan ya yi dariya ya ɗage sandar da ta tare hanya. Rana ta fito ja a kan gonakin dawa, ni kuwa har na fara hango Falmata da lalle. Sale bai ga komai ba, hannunsa na cikin aljihu.

Konduga

Da hantsi muka isa. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo burabusko da miyar kuka. Falmata ba ta fito ba, ƙamshin turaren wuta kawai ya biyo akushi, kuma wallahi ya ishi mai hankali bayani.

Malam Garba ya fara jawabi a kan sabon aikin Sale. Tsoho Ba Modu ya katse shi da Hausarsa ta Barebari.

"Malam, ban tambayi hannu ba. Abin da ya ci hannun, yana nan?"

"Yana nan, Baba, amma an rufe shi."

"Haka kuka ce. 'Yata ba za ta yi takaba da ƙuruciya ba. Sai na gani."

Ya tashi ya ɗauki sandarsa. Muka bar sauran abincin muna kallonsa.

Komawa Maiduguri

Muka ba shi gaban mota, ciyaman ya koma kan buhuna yana riƙe da hula. Bayan azahar muka iso wurin aikinmu, inji na ta ruri. Ba Modu ya zagaya ragar, ya tura sandarsa ta sama, ta ƙi shiga. Ya durƙusa ya gwada ta ƙasa. Ya kama ƙarfen ya jijjiga da ƙarfinsa duka. Ma'aikata suka bar aiki suka zagaye shi.

Sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya miƙa wa Sale hannu. Sale ya fito da nasa mai yatsu biyu daga aljihu. Tsohon ya riƙe shi bai saki ba.

Ya ce, "Malam Garba, ku kawo goro ran Juma'a. Kuma ku mai da ni gida, awakina ba su sha ruwa ba."

Direba ya sake ɗaukar hanya ba ko gunaguni. Ni kuma na isa ɗakina a Gamboru da ƙafa, ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da 'yan'uwa da suka ƙi tayar da inji sai da aka rufe bel.