Dodon da Haruna Yake Nema a Yanbu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar aminina Haruna, kuma har yau in aka ambaci sunansa a unguwarmu ta Al-Ranuna sai ka ji wata tsohuwa ta yi a'uziyya ƙasa-ƙasa. Ni karatuna bai yi nisa ba, malaminmu ya gaji da ni tun kafin in gaji da shi, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a zuci. Amma yau sai na wanke Haruna, ko da ruwan gishiri ne.

Tare muka tashi a nan Madina, kakanninmu da ƙafa suka zo daga ƙasar Katsina. Sana'arsa gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. A ƙuruciya aiki ya kai shi Yanbu, bakin Bahar Maliya, can ya koyi nutso. Ka ji ikon Allah: ɗan garin da ba kogi, ga shi da tulun iska a baya da kyamara a wuya. Duk ƙarshen mako sai ya ɗauke ni mu tafi. Ni ne babban jami'in kwale-kwale, aikina riƙe igiya da gadin shayi, don ban taɓa yarda ruwa ya wuce mini gwiwa ba.

Abin da yake nema wata 'yar halitta ce da ba ta wuce tsawon yatsa ba, kamar katantanwar da aka ƙwace wa gida. Sai dai ado. Wata shuɗiya da baƙin layi, gefenta ruwan lemo. Wata fara da ɗigo-ɗigo kamar atamfar amarya. Haruna ya rasa sunanta da Hausa, sai ya ce ai dodon koɗi ne marar koɗi. Yakan ce da ni, "Irinmu ne, Bala. Sun baro gida a wani wuri, sai launi kawai suka zo da shi."

Sunan nan shi ya kashe shi tun yana raye. A wata walima ƙanin matarsa, Faisal, ya tambaye shi abin da yake nema a ƙarƙashin ruwa. Haruna ya ce dodon koɗi. To Faisal ɗan zamani ne, Hausarsa rabi ce, ana yi masa magana yana amsawa da Larabci. Koɗi bai taɓa jin sa ba. Dodo kuwa ya san shi sarai, wanda kakarsa ke tsorata shi da shi a tatsuniya. Magana zarar bunu. Kafin wata ya zagayo, har unguwar Al-Khalidiyya an san cewa Haruna na nutsewa yana ganawa da dodon ruwa, har hoto suke yi.

Da farko dariya muka sha. Daga baya wayarsa ta daina ƙara, don ba mai son mai aljanu ya shigo masa ɗakin kwana da sunan gyara. Iyayen saurayin 'yarsa Ramla suka aiko cewa a dakata, dakatawar da ba ta ƙare ba. Ya ɗauki hotunan ya bi gida-gida yana nunawa, ana kau da kai. Wani dattijo ya ce kyan nan ma shi ne shaida, don halittar kirki ba ta yin irin wannan kwalliya. Zuciya ta buga wa Haruna a shagonsa, a busasshiyar ƙasa, da sukurdireba a hannu. Aka ce dodon ne ya biyo sawu. Kafin a tashi zaman makoki Faisal ya kwashe hotunan shekara da shekaru ya cinna musu wuta a bayan gida, wai yana tsarkake wa yayarsa ɗaki.

Da Haruna zai leƙo yau, me zai gani? Zai ga baƙi suna sauka a filin jirgi, wasu bayan ziyara sai su wuce Yanbu da takalman nutso a jaka. Zai ga jikokin waɗanda suka kau da kai suna yawo da irin hotunansa a waya suna cewa mashallah. Abin da zai fi ba shi dariya, zai ga Faisal da kwale-kwale nasa na kansa, yana kai masu nutso yawo. Kuma masu manyan kyamarori ba sa tambayarsa kifi. 'Yar halittar nan suke nema, shi kuwa bai san inda take ba. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada.

Kwanan baya sai ga shi a ƙofata da kwalin dabino.

"Ya Hajj Bala, kai ne kake bin marhum. Fen, ina wurin da yake samun abin nan?"

Na ce, "Wane abu? Faɗi sunansa."

Ya faɗa mini wani dogon suna na Turanci. Na ce ban san shi ba, ni dodo na sani.

"Ya ammi, baffana, abin ya wuce, khalas."

"A wurinka ya wuce. Ramla har yau 'yar mai dodo ake ce mata."

Ku masu karatu ba ku ƙona komai ba, don haka ga abin da na tsinta a bakin Haruna, kyauta. Kada ku bi zurfi, yawancin halittun nan suna inda hasken rana ke kaiwa. Kada ku tsaya inda murjani ya fi kyau, ku nemi inda ya karye ya zube, da inda soson ruwa ya tsiro, don a kansa da yawansu suke kiwo. Ku duba ginshiƙan tsofaffin gadojin da jiragen ruwa ke tsayawa. Sannan ku rage gaggawa. Haruna yakan ƙare tulun iska guda a wurin da bai fi faɗin tabarma ba. Ya ce mai sauri kifi yake gani, su kuwa sai mai haƙuri.

Amma akwai wani dutse guda da ya fi ko'ina, inda Haruna yake samun masu launin da ban san sunansa ba. Na san shi, don in ka tsaya a kansa hasumiyar wani masallaci takan daidaita da wani tsauni a bayanta. Wane masallaci, wane tsauni, wannan yana cikin bakina. Na ba Faisal sharaɗi: ya zo majalisarmu ta bayan Juma'a, gaban dattawan da suka ji maganar daga bakinsa, ya faɗa da Hausa cewa dodon koɗi katantanwa ce, kuma shi ne bai sani ba. Abin da baki ya ɗaure, baki ne zai kwance.

Na sani da Haruna ne, da tuni ya shiga mota ya kai shi wurin, har ya riƙe masa kyamara. Shi bai iya riƙo ba. Ni na iya, kuma shi kaɗai ne abin da na fi shi.

Me ya rage na Haruna? Shagon ya zama wurin sayar da waya. Hoto ɗaya ne ya tsira, wanda ya ba ni don tsokana, wata rawaya mai tumbi da ya ce da ni take kama. Na ba Ramla, ta rataye a falonta, wanda ya shigo ya tambaya takan faɗa masa sunan ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Allah ya jiƙan Haruna, ya ba shi gidan da ba a ƙwacewa.

Ni kuwa shekaru sun ja, ido ya fara hazo, hasumiyar nan ma ban tabbata zan daɗe ina gane ta ba. Faisal ya san ranar Juma'a, ya kuma san ƙofar. Dabinon nasa yana nan, ban buɗe ba.