Jinin da Na Ɗauka Na Sarkin Rafi Ne

Salama, 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan ban ce uffan ba a nan. Masu cewa Dauda ya sayar da tumatir ya yi girman kai, ku yafe mini, kwance nake.

Abin ya fara ne da ɗigon jini a ƙarshen fitsari. Ban gaya wa kowa ba, har matata Rifkatu.

Dalilina abin kunya ne. Gidanmu can bayan Bunkure gidan gargajiya ne. Kafin ban-ruwan farko, Baba yakan yanka wa Sarkin Rafi agwagwa a bakin kanal, wato iskan da ake cewa shi ke da ruwan. Na yi baftisma shekara goma sha biyu da suka wuce, ina ma cikin mawaƙan coci. Amma kowane rani sai in lallaɓa in yi yankan, wai don ko-ta-kwana.

Bara na daina. A bara ɗin jinin ya zo.

Daga nan na fara jin ana kiran sunana daga cikin kanal, da tsakar rana, lokacin da gonaki suka yi tsit. Muryar ba ta da fushi, kira ne irin na wanda ya san za ka zo. In na waiga, ba kowa sai ruwa yana tafiya. Tsoro ya cinye ni, na rame, fitsari ya koma da ƙyar.

Kawu Tanko, ƙanin Baba, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka hana shi nasa, ga shi yana ɗiba a jikinka."

Na sayo agwagwa na ɓoye a bayan rumbu. Kukanta ya tona ni.

Rifkatu ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Maigida, bakinka ne ya tuba, tunaninka yana nan bakin kanal. Ka zaɓi ɗaya, ni dai gobe asibiti za mu."

Na durƙusa a tsakar gida na yi addu'ar da ban taɓa yi ba. Na ce wa Yesu ko warkewa ko mutuwa, ba zan ƙara raba zuciyata biyu ba. Na tashi na kwance agwagwar.

A Kano aka yi gwajin fitsari da hoton mara. Kuɗin buhun shinkafa uku suka tafi, har da ƙarin jini da robar fitsari ta kwana tara. Likita ya ce tsargiya ce, tsutsar ruwa mai shiga ta fata, kuma ta fara taɓa ƙoda.

"Da ka ƙara wata biyu, da wani zancen ake yi."

Na sha maganin da ya ba ni, jinin ya tsaya, amma kiran bai tsaya nan take ba. Kullum na ji shi sai in ɗauko waƙar yabo, tun ina yi da tsoro har na koma yi da daɗi. Ban san ranar da ya daina ba.

Na gode wa Ubangiji, da Rifkatu, da matan zumunta da suka yi ta kawo kunu. Manoman rani, jini a fitsari ba al'ada ba ce. Ku je gwaji, ku sa takalmin roba, ku hana yara wanka a kanal.

Jiya Kawu Tanko, wanda bai taɓa fashin yanka ba, ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya.

"Maganin nan naka, ana ba tsofaffi? Shekara shida ke nan ina ganin jinin."

Ran Litinin zan kai shi. Ku sa shi a addu'a.