Ranar da Kawu Tela Ya Ci Jarrabawar Ido

Kawuna tela ne, kuma idan ka kira shi tsoho a gabansa, to ka nemi wani telan. Shekara arba'in da ɗoriya yana taka keke ɗaya a shago ɗaya, wani ɗan tsukukun wuri da idan baƙi biyu suka shiga sai ɗaya ya zauna a kan buhun ƙyallaye. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, da ƙarar keken nan na girma. Bai taɓa rubuta awon kowa ba, duk unguwa tana cikin kansa.

Matsalar ita ce ido. Shekara biyu ni nake zura masa zare kowace safiya, da sunan na zo gaishe shi. Shi kuwa cewa yake masu ƙera allura na yanzu ne ba su da tsoron Allah, sun rage kafar.

Ranar da ya haɗa yatsansa da ƙafar wando ya ɗinke, babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, ya ce abin ya isa haka.

"Baba, a je a duba idon nan. In ba ya gani, ƙarshen wata mu rufe shago ka huta."

Ranar Kawu ko ruwa bai sha ba. Na tsorata, don na san idan aka raba shi da keken nan an gama da shi.

Kowace Talata hukumar kula da tsofaffi ta jiha tana buɗe wani babban ɗaki. Ana auna hawan jini, a duba ido, a ba da tabarau da sanda kyauta. Da na ce mu je can, sai ya harare ni.

"Wurin tsofaffi? Me na yi miki?"

Da ƙyar da lallami muka je, tef ɗin awo rataye a wuyansa don kowa ya san ba zaman banza yake ba.

Gwajin mai sauƙi ne. An rataye allo mai wata alama kamar benci mai ƙafa uku, tana ƙara ƙanƙancewa layi bayan layi, sai ka faɗi inda ƙafafun suka kalla. Gabanmu akwai wani tsohon direba mai kaifin ido, ya karanta allon tas da babbar murya. Na ga leɓen Kawu yana motsi, na ɗauka addu'a yake. Ashe hadda ce!

Da aka zo kansa, tun kafin nas ɗin da ke gwajin ta ɗaga sandar nuni ya fara: "Sama, hagu, ƙasa, hagu, dama." Har layin ƙarshe, wanda ni mai shekara talatin ba na iya gani.

"Madalla, Baba," in ji ta. "Idonka ya fi nawa. Ba ka buƙatar tabarau."

Kawu ya dube ni yana hura hanci. Ni kuwa wallahi kamar in fashe da kuka don haushi. Mun zo neman magani ya kore shi da bakinsa!

Amma matar nan ta san aikinta. Ta kalli tef ɗin wuyansa, ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko allura da zare.

"Baba, tunda Allah ya kawo mini tela, ga maɓallina nan yana reto."

Ya karɓa. Ya lashi bakin zaren ya gwada, ya wuce. Ya sake, ya sake. Zaren ya ƙi shiga. Can ya yi ƙasa da murya.

"Ƴata, idan na faɗi, rufe mini shago za su yi."

"Haba Baba, ai nan ba a faɗuwa. Mu aikinmu mu mayar da kai shagon ne."

Ta juya allon zuwa wani, aka sake gwaji na gaskiya, ta yi ta canza masa gilasai har aka dace. Da tabarau ya zauna a hancinsa, sau ɗaya ya zura zaren. Ya ɗinke maɓallin tsaf, direban nan har da tafi.

Sai ya juyo gare ni. Ya daɗe yana kallon rigata, ya kama hannun dama, ya kama na hagu, ya ga ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Wane marar kunya ne ya ɗinka miki wannan?"

"Kai ne, Kawu."

"Kuma kike sawa?"

"Duk unguwa muna sawa. Liman ma aljihunsa a karkace yake tun bara."

Ya cire tabarau ya goge ido da bakin tef, wai gilashin ne bai saba da shi ba. Sannan ya mayar, ya miƙe tsaye.

"Tashi mu tafi. Ki gaya wa yayanki ya ajiye kwaɗonsa. Ki kuma bi gida-gida ki ce kowa ya kawo mini kayansa, a fara da liman."